Shin da gaske hamada tana cin mita 600 duk shekara?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona a ƙasar Machina, ni kuma a Kano nake aiki. Kullum a rediyo ana cewa hamada tana gurgusowa mita 600 a shekara, tana cinye hekta 350,000 a Arewa. 'Yan'uwana sun ce mu sayar tun tana da daraja. Wa ya auna wannan tafiyar ta hamada, kuma yaushe za ta iso mana?

Amsa: Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinku. Kada ku sayar da gona saboda wannan lissafin. In akwai dalilin sayarwa, a cikin gonar za ku same shi, ba a rediyo ba.

Mu fara da alƙaluman. Fiye da shekara 20 ke nan ana kwafo su daga wannan rahoto zuwa wancan, damina ta yi kyau mita 600, damina ta ƙi mita 600. Ɗauki biro ka gwada su da kanka. Iyakar Najeriya da Nijar kusan kilomita 1,500 ce. In hamada ta matso mita 600 a duk tsawon iyakar nan, abin da ta ci bai wuce hekta 90,000 ba. Ina sauran hekta 260,000 suka fito? Lambobin biyu da ake faɗa a numfashi ɗaya ba su ma yarda da juna ba. Sannan tsakanin Machina da ainihin Sahara akwai ƙasar Damagaram, garuruwa ne da gonakin gero da miliyoyin mutane. Hamadar da za ta zo muku a ƙafa sai ta fara taka su.

Wannan tsoron ya girmi kakanka. A 1934 wani malamin ilimin gandun daji daga Jami'ar Edinbura, E. P. Stebbing, ya ratsa Arewacin Najeriya da Nijar. Ya ga rairayi, ya ga ƙura, ya ga itatuwa tsirara, ya koma gida ya rubuta a 1935 cewa Sahara tana tahowa, kuma Kano ma ba ta tsira ba. Da rani ya zo. Duk wanda ya fara ganin ƙasarmu a watan Maris zai rantse ba ta taɓa fitar da ciyawa ba. Maganarsa ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana daji ya bi iyakar a 1936 da 1937. Suka dawo suka ce ba su ga wata hamada mai tafiya ba. Sun ga wuraren da sara da kiwo suka lalata, amma nan da can ne, ba sahu ɗaya ba. Rahoton Stebbing ya yi suna, na kwamitin ya kwanta a ma'ajiya.

Aka sake maimaita irin wannan a Sudan. A 1975, ana fitowa daga babban fari, wani masanin muhalli, Hugh Lamprey, ya shiga ƙaramin jirgi ya duba inda ciyayi suka tsaya a arewacin ƙasar, ya kwatanta da wata taswira ta 1958, ya ce hamada ta matso kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, wato kusan kilomita biyar da rabi duk shekara. Wannan lamba ta zagaya duniya, ta shiga bakin shugabanni, ana cikin haka aka yi babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan hamada a Nairobi a 1977. Kuskuren a fili yake: shekarun 1950 su ne mafi ruwa da aka gani a ƙarnin, 1975 kuwa ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga fari ba. Kamar ka auna kogi a watan Agusta, ka dawo a watan Afrilu, ka raba bambancin da watanni ka ce ga ranar da zai ƙafe har abada. Da Ulf Helldén na Jami'ar Lund ta Suwidin ya bi yankin Kordofan da hotunan jirgi da na tauraron ɗan'adam, bai sami wannan tafiyar ba.

Wanda ya raba gardamar shi ne Compton Tucker na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da abokan aikinsa. Ganye mai rai yana mayar da hasken rana ta wata siga da yashi ba ya yi, tauraron ɗan'adam kuma yana iya auna wannan kowace rana, daga Senigal har Bahar Maliya. A 1991 suka fitar da sakamakon shekara 11. Daga 1980 zuwa 1984 bakin Sahara ya sauko kudu da kilomita 240. Daga 1984 zuwa 1985, shekara ɗaya tak, ya koma arewa da kilomita 110. Abin da ke iya ja da baya kilomita 110 a damina ɗaya ba rairayi ba ne, ciyawa ce ke bin ruwan sama. Irin yana kwance a ƙasa yana jira, ruwa ya sauka ya tsiro.

Shi kansa farin ma an daɗe ana ɗora wa talaka laifinsa. A 1975 wani masanin yanayi, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa in dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, tana mayar da zafin rana sama, hadari ya kasa haɗuwa. Ra'ayi ne mai ma'ana, kuma ya dace da abin da jami'ai ke son ji: makiyayi da mai gatari ne suka kori ruwa. Binciken da ya biyo baya, musamman na Alessandra Giannini a 2003, ya nuna cewa in ka ba kwamfuta yanayin zafin tekunan duniya kaɗai, za ta fitar maka da yawancin hawa da saukar daminar Sahel, wato yankinmu da ke bakin Sahara ta kudu, har da farin shekarun 1970 da 1980. Arewacin Tekun Atilantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da tekunan kudu, sai iskar damina ta kasa hawowa arewa sosai, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a sanyin. Yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 ta zo lokacin da daji ke cike da itace, mutane kuma ba su kai rubu'in na yau ba. Ta 1984, wadda mutanen Nijar ke kira El-Buhari, ba gatarin mahaifinka ne ya jawo ta ba.

Kada ka ce na ce lafiya lau ake. Wanda ya je Yusufari ko Tulo-Tulo a Jihar Yobe ya ga tudun rairayi ya hau kan dabino, ya danne katanga, ba zai saurari wanda ke ce masa babu komai ba. Akwai ma nazarin da ya fito a 2018 daga Jami'ar Maryland, wanda ya auna da yawan ruwan sama daga 1920 zuwa 2013 ya ce Sahara ta ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, ko da yake shi ma ya fara lissafi daga zamanin ruwa. Abin tambaya shi ne daga ina rairayin Yusufari ya zo. Tun 1958 wani masanin labarin ƙasa, A. T. Grove, ya nuna cewa babban ɓangaren ƙasar Hausa da Borno yana zaune ne a kan tsofaffin tuddan rairayi da iska ta jera dubban shekaru da suka wuce, lokacin da ƙasar ta fi yau bushewa nesa ba kusa ba. Daga baya ruwa ya dawo, har Tafkin Chadi ya zama teku, shi ya sa aka tono kwalekwale mai shekara kusan 8,000 a Dufuna cikin Yobe a 1987. Ciyawa da itace suka ɗaure tuddan suka kwanta. Su ne jigawar da muke shuka gero a kai, su ne suka ba Jihar Jigawa suna. To in aka tuɓe wa jigawa rigarta, fari ya kashe gamba, dabbobi suka tattake bakin rijiya, aka tumɓuke saiwa, sai ta farka ta fara tafiya. Rairayin da ke binne kwarin dabino ba baƙo ba ne, ɗan gida ne. Shi ya sa za ka ga tudu mai tafiya a gefen gari, ka yi kilomita 50 arewa ka tarar da ciyawa har gwiwa.

Wannan bambancin ba na malamai ba ne kawai, domin shi ke nuna inda za a zuba kuɗi. In hamada runduna ce, sai a gina mata ganuwa. Haka aka fara tunanin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007: ɗamarar itace mai faɗin kilomita 15 daga Dakar zuwa Jibuti. Zuwa 2020 rahoton da aka fitar ya ce an gyara hekta miliyan 4 daga cikin miliyan 100 da aka yi alkawari. Su kansu masu shirin sun bar zancen ganuwa, sun koma zancen gyaran gonaki da makiyaya wuri-wuri. Ni dai na sha ganin filin da aka yi bikin dashe, da rumfa da jawabi, in koma bayan rani biyu in tarar da allon sanarwa kaɗai ke tsaye, shi ma awaki sun goge masa fenti.

Wanda ya fi kowa zama da manomanmu yana rubuta abin da suke yi shi ne Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero. Ya bi ƙauyen Dagaceri shekara da shekaru tun farin 1973, daga baya shi da abokan aikinsa suka haɗa da Tumbau da Kaska da Futchimiram. Abin da ya gano a karkarar Kano ya saɓa wa littattafan zamaninsa. Nan ne mutane suka fi cunkoso, gona ba ta hutawa, amma ƙasa ba ta mutu ba kuma itatuwan gona ba su ƙare ba. Ana ɗaure tumaki da awaki a ba su harawa da kara, a kwashe taki a mangala a mayar gona, jakuna su kawo itace birni su koma da shara da toka. Itacen da ke cikin gonar mutum yana da mai shi, ana sassaƙar reshe a bar uwar. Wanda ake karkashewa shi ne na dajin da ba na kowa ba.

Babbar hujjar kuwa tana ƙetaren iyakarku. A farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal. Malaman gona sun koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne mai share gona tas, dokar daji kuma ta ce itace na gwamnati ne, ka sare na cikin gonarka a ci ka tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana ta dashe yana mutuwa. A 1983, yana jan tirela cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturen na nan da rai, yana toho duk shekara ana sake sassabe shi. Irinsu kuwa miliyoyi ne a ƙarƙashin gonaki, kowanne da saiwar da ta riga ta kai ga laima. Dashen leda yana fama ya kafa saiwa kafin rani ya kashe shi, kututture kuwa ya gama wannan aikin tun zamanin kakanni. Abin da ake bukata kawai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabba. Mutanen Nijar suka sa masa suna sassabin zamani, ko da yake tsofaffi da yawa za su ce maka ba sabon abu ba ne a wurinsu.

Bai karɓu nan take ba. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa don a ba su hatsi, da rabon ya ƙare aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu ne suka fara samun itacen girki da abincin dabba da sandunan sayarwa, kuma iska ta daina binne musu shuka har sai an sake sau uku. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Jami'an daji suka sassauta, daga baya dokar daji ta 2004 ta ƙara wa manomi ƙarfi a kan itacen gonarsa. Abin mamaki, an yi kusan shekara 20 ana wannan aiki duniya ba ta sani ba, rahotanni suna ta cewa itacen Nijar yana ƙarewa. Sai da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, da Chris Reij, da Mahamane Larwanou ɗan Nijar, suka jera hotunan jirgi na 1975 kusa da na tauraron ɗan'adam na wajen 2005, ƙauye bayan ƙauye, sannan suka bi da ƙafa suna ƙirgawa. Suka kiyasta hekta miliyan 5, itace kusan miliyan 200. A Magarya da Matamaye da Mirya gawo ne ya cika gonaki. Mutane sun ninka, itace ya ninka. Kuma ruwan sama kaɗai ba zai bayyana shi ba, tunda a wasu hotunan ana ganin bambanci ƙarara tsakanin gefen iyaka biyu masu ruwa ɗaya da ƙasa ɗaya, na Nijar ya fi duhun itace.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Kowa ya san yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka ba ya yi wa gero inuwa. Tun 1965 masu bincike a Bambey ta Senigal suka auna geron gindin gawo suka ga ya ninka na fili fiye da sau biyu. Dalilan sun haɗu ne: ganyen da ya zuba daidai lokacin shuka, kashin dabbobin da suka kwana a inuwarsa suna cin 'ya'yansa duk rani, da ƙwayoyin halittar da ke saiwarsa suna kama sinadarin naitirojin daga iska. A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an ƙara gano wani: rassansa, ko babu ganye, suna rage zafin ƙasa a makonnin farko, lokacin da rairayi ke ƙona jaririn gero. Ana ba da labarin sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani kan mai sare gawo. Ba su da ma'aunin zafi, amma sun san rumbu.

Na fi son labarin sabara, saboda ita ce muka fi rainawa. Sabara da kalgo su ne farkon abin da ake sassabewa a ƙone. A Senigal an yi gwaji aka zuba ruwa mai alama can ƙasa inda saiwar sabara kaɗai ke kaiwa, bayan 'yan sa'o'i aka sami alamar a jikin geron da ke gefenta. Da dare, in ganyenta ya daina fitar da ruwa, ruwan da ta jawo daga ƙasa yana tsattsafowa ta ƙananan saiwoyinta na sama, gero ya sha. Ashe abin da muke ƙonewa ban-ruwa yake yi mana kyauta.

Sai dai kore a hoton tauraro ba shi ne daji ya dawo ba. Tambayi duk wata tsohuwa a garinku ta lissafa maka itatuwan da ta sani tana yarinya. Kanya, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, marke, ƙirya, da yawa sun ja kudu ko sun rage tsofaffi babu 'ya'ya. Masu maye gurbinsu su ne masu jure wuya, aduwa da sabara da tumfafiya, a karkarar Kano kuma darbejiya. Na'ura tana ganin tumfafiya kore, saniya ba ta gani. Wani mai bincike, Patrick Gonzalez, ya rubuta irin wannan raguwar da aka samu a arewacin Senigal tun daga 1945. A nan ne nake ganin asarar gaske take, kuma ba a auna ta da mita.

Sai ruwan ƙasa, wanda shi zai yanke darajar gonarku nan gaba fiye da komai. A kudu maso yammacin Nijar, gabas da Yamai, masu bincike na Faransa da Nijar sun bi rijiyoyi suka ga ruwa ya hau kusan mita 4 daga 1963 zuwa 2007, alhali ruwan sama ya ragu a yawancin shekarun. Ba albishir ba ne zalla. An share daji an yi gonaki, ƙasa ta yi fako ba ta shan ruwa, sai ya gangara ta kwazazzabai ya taru a tafkuna, daga nan ya nutse. Rijiya ta samu, gona ta rasa. A Borno kuma labarin ya juya. Rijiyoyin burtsatsen da aka haƙa tun wajen 1960, masu feso ruwa da kansu, suna jan ruwan da ya shiga ƙasa kusan shekara 20,000 da suka wuce, ba damina ce ke mayar da shi ba. An bar su suna kwarara dare da rana, ƙarfinsu ya ragu. Fadamar Haɗejiya da Nguru kuwa, wadda ambaliyarta ke ciyar da rijiyoyin yankin, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canja mata lokaci da yawan ruwa, kacalla ta toshe magudanai. Ko ɗaya cikin ukun nan ba Sahara ce ta yi ba.

Ruwan sama ya farfaɗo tun shekarun 1990, amma da wani hali. Nazarin da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ruwan wata guda ya sauka a dare ɗaya, sannan a yi mako uku ana kallon sama. Gonar da ke tsirara za ta sha kashi biyu, zaizaya da ƙishi.

Saboda haka, Malam, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka je sau biyu, a watan Afrilu da watan Agusta. Ka sami wanda ya yi noma tare da mahaifinku ya zagaya da kai. Ka tambaye shi dami nawa gonar ke bayarwa a shekara mai kyau da maras kyau, da da yanzu. Ka tambayi masu jan ruwa gaba nawa igiyar rijiyar garin take, kuma ko an taɓa ƙara mata. Ka duba gabas da arewa maso gabas da gonar, inda iskar hunturu ke fitowa, ko akwai tudun da ya tuɓe yana hayaƙin rairayi. In akwai shi kusa, wannan magana ce ta gari duka, shingen kara ko na kaba da hana kiwo a kansa na 'yan shekaru, mutum ɗaya ba ya iyawa. In ka ga fako, ka soka sanda ka ji zurfin taurinsa. Fako yana gyaruwa da ramukan da ake kira "zai", irin na mutanen Yatenga a Burkina Faso, rami taku ɗaya tsakani, a zuba taki a ciki tun rani gara ta huda ƙasar, amma aiki ne mai cin ƙarfi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a tambayarka shi ne kana Kano. Gonar da mai ita ba ya nan, wanda aka ba aro ba shi da dalilin barin itace, domin ba shi zai ci amfaninsa ba, kuma yana tsoron a ce yana neman kafa hujjar mallaka. In za ku ba da ita aro, ku yi magana a gaban mai gari: shekara nawa, reshe da 'ya'yan itace nasa ne, uwar itace ta gona ce. Kafin sassaben bana ka bi gonar da tsumma ja, duk kututturen da ka ga yana toho, gawo ne ko kalgo ko sabara ko magarya, ka ɗaura masa. Ka fara da 40 a kowace hekta.